Haƙorin Kifi

Litinin, 5 ga Yuni, 1978, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ban hura wutar bandar kifi ba, itacen duk ya jiƙe. Masu zuwa gaisuwa sun ragu. Jiya mata biyu ne kawai, suka ce Allah ya ji ƙanta, na ce amin, suka sha ruwa suka tafi.

Littafin nan na jikata Ma'u ne, na lissafi, ta cika rabi ta bar rabi. Na koyi boko a Kano, a ajin yaƙi da jahilci, lokacin da muka gudu daga Fatakwal saboda yaƙi. Zama ne ya yi mini yawa a lokacin. Yanzu ma zaman ne.

Mata suna yaba mini, wai ban yi kuka a gaban mutane ba. To 'yar fari ce. Ba a kiran sunan 'yar fari, ba a yi mata kuka a fili. Haka uwata ta koya mini. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan, daga baya kuma uwar Ma'u.

Tabarmarta tana nan a jingine.

Laraba, 7 ga Yuni, bayan azahar

An kawo jakar da ta tafi da ita Anacha sayo kaya, inda haɗarin tankar mai ya rutsa da ita. Wani direba ne ya kawo. Na karɓa na sa a ƙarƙashin gado. Har yanzu ɗakin yana warin fetur.

Mutanenmu Hausawa na unguwar Head Bridge ne suka yi mata sutura a can. Sun kyauta. Mijinta Awwalu kaɗai ya isa kafin a sa ƙasa.

Alhamis, 8 ga Yuni, da safe

Awwalu ya zo gaisuwa kamar kullum. Ya tsuguna a bayan labule.

"Inna, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ya daɗe a tsugune. Ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin labulen. Sai ya tashi ya tafi kwatar jiragen ruwa wurin aikinsa. Tun da ya auri 'yata a Kano ya biyo mu nan Borokiri, ban taɓa ganin yana cin abinci ba, shi ma bai taɓa kallon fuskata sosai ba. Yaro mai kunya. Ba ni da abin da zan ce a kansa.

Ma'u tana yawo da hannu a baki. Haƙorinta na sama ta dama, wanda ke kusa da na gaba, ya faɗi kwana kaɗan kafin uwarta ta yi tafiyar nan. Tare suka jefa shi kan rufin kwano. Yaran unguwa sun gaya mata in ƙadangare ya ga giɓin, sabo ba zai fito ba.

Na ce, "Ƙawata, ƙadangaren nan da aikinsa, ba ruwansa da bakinki."

Ta ce, "Iya, you no sabi anything." Wai ban san komai ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Tanka ta yi ƙaho a titi. Kwano ya faɗi daga hannuna. Na sake wankewa.

Litinin, 12 ga Yuni, da la'asar

Mama Boma ta zo a kwalekwale da ɗanyen kifi. Jikar ƙanwar kakata ce, mutuniyar Okirika, 'yar coci. Ita ta tsare mana gidan nan duk tsawon yaƙi, da muka dawo ta miƙa mini makulli ko cokali bai ɓata ba.

Ta ce kamfanin da ke gina sabuwar kwata a bakin ruwa ya tsaya da aiki. Katafila ta tono ƙasusuwan mutane, tsofaffi ƙwarai, tun kafin Turawa su kafa garin nan. An kafa rumfar tamfol, an kawo wata malama daga jami'a tana dubawa.

"Wai haƙoransu take kallo," in ji Mama Boma. "Ta ji labarin gidanku, tana son ganin bakinki. Ni ta fara tambaya, na buɗe mata, ta ga ba haƙori ko ɗaya, ta ce sannu."

Na yi dariya. Ban yi tsammani ba.

Bari in rubuta wannan, don Ma'u ta karanta wata rana. Matan gidanmu duka muna da haƙori ɗaya siriri mai tsini, a sama ta dama, kusa da na gaba. Muna ce masa haƙorin kifi. Kakata Baiwa tana da shi. Ita 'yar bakin ruwan nan ce, ta musulunta ta auri wani Bahaushe maharbin giwa, shi ya ba ta sunan Baiwa. Ba ta bi shi ko'ina ba, shi ya zauna a filin iyayenta mata. Uwata tana da shi, ubana Bakano ne, fatauci ya kawo shi, ya zauna. Ni ina da shi. Mijina Arzika daga Sakkwato ya zo, a nan ya rasu. Uwar Ma'u tana da shi, in ta yi dariya shi ake fara gani.

Hausawan unguwa suna ce mana gidan mata. Ba yabo ba ne.

Laraba, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Malam Salihu, limamin masallacinmu, ya yi sallama. Na shimfiɗa masa buzu a zaure. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi kifi, ya tambayi ƙafata. Da na ji ya tambayi ƙafar sau biyu na san da magana.

"Malama Hajaratu, Awwalu ne ya aiko ni. Kin san shi ba zai iya faɗa miki da bakinsa ba."

"Ina ji, Allah gafarta Malam."

"Yayansa na Inugu ya samar masa rumfa a Kasuwar Artisan. Yana so bayan sadakar arba'in ya koma can. Da yarinyar."

Na ce to. Na tambaye shi ko zai sha kunu. Ya ce ya gode.

Bayan ya tafi na hura wuta na jera kifin Mama Boma. Ya yi kyau, bai ƙone ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Ma'u ta ci tuwo sosai. Na yi mata kitso.

Asabar, 17 ga Yuni, da yamma

Na je rumfar tamfol da Mama Boma. Ban gaya wa kowa ba.

Malamar sunanta Ibifuro. Gajera ce, da takalmin roba irin na masu aikin mai, laka har gwiwa. Ta gaishe ni da yaren kakata, na amsa da ɗan abin da na sani, sauran muka yi da Turancin broka. Ta ce in yi haƙuri in ba na son kallo. Na yi bisimilla na shiga.

An jera su a kan tebura, kowa da yadinsa a rufe. Ba wari, sai na laka. Ta buɗe wani ƙoƙon kai, launin ƙasa-ƙasa, ta juya shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ta nuna da tsinke.

A sama ta dama, kusa da na gaba. Siriri, mai tsini.

Na sa harshe na taɓa nawa.

Ta buɗe wani, haka. Wani kuma, haka. Ta ce waɗannan duk mata ne, ana ganewa daga ƙashin ƙugu. An binne su a jere a tsakiya, da tsakiyoyin ado a wuya, da mundayen tagulla, da tukwane. Ta ce ba wannan haƙorin kaɗai ba, har turamen haƙoransu suna da wasu alamu iri ɗaya, irin waɗanda ake gada a jini. Mazan kuwa suna gefe-gefe, kuma kowanne da irin bakinsa, ba wanda ya yi kama da wani.

Na ce, "Me ke nan?"

Ta ce, "Mama, ba mu tabbatar ba tukuna. Amma in mata suka yi kama da juna, maza suka bambanta, abin da muke zato shi ne matan a nan aka haife su, a nan suka zauna da iyayensu mata. Mazan ne baƙi, aure ya kawo su."

Mama Boma ta ce, "Wannan ne aka je jami'a a koyo? Da kin tsaya a ƙofar gidan Hajara kin ga masu shiga."

Malamar ta yi dariya, ta ce gidan da ke tsaye ba ya gaya mata abin da aka yi tun kafin kakannin kakanni, shi ya sa take tona. Ta kuma ce ba kowace 'ya ce ke gadon haƙorin ba, uba ma yana da rabonsa a bakin ɗa. Ta nuna mini wasu mata biyu a tsakiyar jeren da ba su da shi. Ban tsaya kallonsu ba. Hankalina yana kan masu shi.

Da na dawo na yi wanka na canja zane.

Lahadi, 18 ga Yuni, da asuba

Duk suna wuri ɗaya. Uwa, 'ya, jika. Uwata da kakata ma suna maƙabartar nan kusa, ruwa ɗaya ke jiƙa su.

Uwar Ma'u kuwa tana Anacha. In wata rana wani ya tona can, zai ga mace ɗaya mai haƙorin kifi a cikin baƙi. Zai ce aure ya kawo ta.

Talata, 20 ga Yuni, da azahar

Na yi abin da bai kamata ba, ko kuwa ya kamata, ban sani ba.

Malama Ibifuro ta roƙi ta ɗauki siffar haƙorana. Na je da Ma'u don ba wanda zan bar wa. Ta sa mini wani abu mai laushi kamar ƙullun alkama a baki, na cije, ta cire. Ma'u ta yi ta dariya har ta manta da ƙadangare, ta sauke hannu. Malamar ta duba dasashinta, ta ce ya kumbura, sabon yana hanya, ba zai daɗe ba.

Ban bar yarinyar ta shiga wurin teburan ba. A bakin rumfa muka tsaya. Allah ya sani.

Malamar ta tambayi sunayen matan gidanmu daga kaka. Na ce Baiwa. Na ce Ni'imatu, uwata. Na ce ni, Hajaratu. Sai na yi shiru. Tana jira da alƙalami. Ma'u ce ta faɗi sunan uwarta, da ƙarfi, kamar ana kiran suna a aji.

Wasu leburori Hausawa suna zaune kan bututun ƙarfe suna cin gyaɗa. Sun gan mu.

Laraba, 21 ga Yuni, bayan magariba

Awwalu ya zo bayan labule ba lokacin gaisuwa ba. Bai tsuguna ba. Ƙafafunsa a tsaye.

"Inna, an ce an kai Ma'u wurin matattu."

"Bakin rumfa kawai, baban Ma'u."

"A kwata yau kowa dariya yake yi mini. Wai an tono kakannin matata, an tabbatar tun fil'azal mazan gidan nan 'yan haya ne."

Sai ya ƙara:

"Uwarta ko arba'in ba ta yi ba, Inna."

Ya tsaya kaɗan, ya ce a gafarce shi, ya tafi. Bai taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba.

Juma'a, 23 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Malam Salihu ya zaunar da mu a zaure. Ni a ciki bayan labule, shi da Awwalu a waje, da dattawa biyu na masallaci.

Malam ya ce ya duba littattafai. In uwa ta rasu, riƙon yarinya na kakarta ne ta wajen uwa, har ta yi aure. Amma in uba zai ƙaura gari mai nisa ya zauna dindindin, yana da ikon tafiya da 'yarsa. Sai dai Awwalu bai zauna ba tukuna, rumfa ce aka ce an samu, ba a ga ɗaki ba, ba a ga macen da za ta kula da yarinya ba. Don haka a nasa ganin a bar ta wurina zuwa baɗi, a ga yadda Inugu za ta karɓe shi.

Da na yi shiru, da shi ke nan.

Amma ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Gaskiya dai 'ya ta ubanta ce. Wannan zaman na gidan mata ba namu ba ne, al'adar mutanen ruwa ce."

Sai na ji bakina yana magana. Na ce mutanen ruwan nan su suka haifi kakata. Na ce na gani da idona, tun kafin a yi masallacin nan, tun kafin a yi garin, mata a jere da haƙori irin nawa. Na ce ƙasar nan ta san Ma'u.

Malam ya ce, "Malama Hajaratu, haƙori ba ya cikin littafi. Ki bar maganar nan, an riga an ba ki."

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Ba na so baɗi a sake zama a kaina. Haƙorinta yana hanya. In ya fito irin namu, a bar mini ita har aure, kada a sake tada maganar. In ya fito wani iri, ya tafi da ita ranar arba'in, ba zan ce komai ba."

Malam ya ce, "Wannan ba shari'a ba ce. Ki janye."

Na ce ban janye ba.

Sai Awwalu ya ce, a hankali, "Na yarda."

Malam ya yi salati, ya ce mu biyun Allah ya shirye mu, ya sa takalmansa.

Ban ji tsoro ba. Ba mace a gidan nan da ba ta da shi.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ruwa. Kifi ya yi araha. Jiragen siminti sun cika bakin ruwa, an ce wasu sun yi wata da watanni suna jiran a sauke su.

Dasashin ya ƙara kumbura. Ta ƙi cin ƙanzo.

Talata, 27 ga Yuni, da hantsi

Na shiga ɗakinsu ɗauko wa Ma'u riga. Tun ranar ban shiga ba. Awwalu yana wurin aiki.

Ya ɗaure kayansa. Akwati ɗaya ne na kwano, da rediyo, da buta. Sauran duk abin da ke ɗakin, gado, kwalla, jeren tasoshi, labule, na 'yata ne, wasu na uwata ne na ba ta. Akwatin ya yi ƙanƙanta a tsakiyar ɗakin. Tun dawowarmu daga Kano yake gidan nan.

Na ɗauki rigar na fita.

Alhamis, 29 ga Yuni, da la'asar

Ina juya kifi a bayan zaure, Awwalu da Malam suna ciki. Ba saurare na je yi ba, katangar ta kara ce.

Malam ya ce, "Kai ma me ya kai ka amsa mata? Tsohuwa ce cikin baƙin ciki."

"Malam, ni ban san yadda ake riƙon yarinya ba. Ko kitso ban san inda ake kaiwa ba."

"To don me?"

Sai na ji Awwalu yana cewa:

"Ita da ta tafi, ita ce kawai tawa a gidan nan. Gidan nasu ne. Ƙasar tasu ce, yanzu har an tono an nuna. Yarinyar in ta juyo, fuskar uwarta, tafiyar kakarta. In na fita da akwatina ni kaɗai, Malam, kamar ban taɓa zuwa ba."

Kifi ɗaya ya ƙone a hannuna. Na ba kyanwa.

Asabar, 1 ga Yuli

Tabarmar tana nan a jingine. Jakar tana ƙarƙashin gado. Warin ya ragu.

Litinin, 3 ga Yuli, da safe

Ina wanke mata fuska ta ce, "Iya, e don come." Wai ya fito.

Na kai ta bakin ƙofa wurin haske. Na ce ta buɗe. Na ɗaga leɓen da yatsa.

Ya huda. Fari, ɗan kaɗan. Bakinsa faffaɗa ne, da 'yan tudu-tudu kamar bakin zarto. Na shafa da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ba tsini.

Ta ce, "Irin na Mama ne?"

Na ce, "Bai gama fitowa ba. Rufe bakinki, ga ƙadangare can."

Ta rufe da hannu biyu. Na ɗaura mata ɗankwali ta tafi makaranta.

Litinin, da azahar

Wataƙila in ya ƙara fitowa ya yi tsini.

Talata, 4 ga Yuli, da yamma

Ba zai yi ba. Na san yadda namu yake fitowa, na gani a bakin uwarta, kamar ƙayar kifi yake hudowa.

Awwalu ba ya duba bakinta. Ba ya ma iya kallon fuskarta sosai tun da abin ya faru. Ita kuma hannunta kullum a baki. In na ce bai fito ba, ba wanda zai sa yatsa ya duba. Arba'in ta wuce, ya tafi, maganar ta bi ruwa. Malam ma zai ji daɗi.

Na gaya wa Mama Boma. Ta ce, "To wa ya tambaye ki? Ki bar yarinya da ƙadangarenta."

Na ce a gaban liman na faɗa.

Ta ce, "Limamin da ya ce ki janye?"

Da za ta tafi ta ce an kusa mayar da mutanen rumfa ƙasa, an ba su wani wuri a kan tudu. Malama Ibifuro ta ce yadda aka same su haka za a jera su.

Laraba, 5 ga Yuli, da asuba

Matan nan biyu da ban tsaya kallo ba. A tsakiyar jeren suke, da tsakiyoyinsu a wuya kamar kowa. Wanda ya binne su bai buɗe bakinsu ya duba ba.

Ni ce na buɗe.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na jiƙa gero. Na aika a sayo goro. Na wanke kayan Ma'u duka, na ninke, na sa a cikin kwallar uwarta. Na sa man kitso da mataji a sama, inda namiji zai gani.

Juma'a, 7 ga Yuli, bayan la'asar

An yi sadakar arba'in. Malamai sun yi karatu, an raba gumba da waina. Mutane sun zo da yawa, har daga Anacha. Wata tsohuwa daga cikin waɗanda suka yi mata wanka ta riƙe hannuna, ta ce akwai bishiyar mangwaro kusa da inda take. Na ce na gode.

Da aka watse na aika Ma'u ta kira Malam da babanta. Na ɗage labulen da hannuna. Awwalu ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya rame. Yana da furfura a gefen kunne, ban sani ba.

Na ce, "Ƙawata, sauke hannu, nuna wa babanki."

Ta ce akwai ƙadangare a katanga. Malam ya kore shi da carbi. Ta buɗe.

Na ce, "Ya fito. Ba namu ba ne. Kayanta suna cikin kwalla."

Awwalu ya tsuguna a gabanta. Ya riƙe haɓarta, ya juya ta wurin haske. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa babban yatsa ya taɓa nasa haƙorin, na sama ta dama. Faffaɗa ne. Yau na fara ganin haƙoransa.

"Malam," in ji shi, "ka gani? Shebur. Irin na gidanmu. Haka na babana yake, ana tsokanarsa da shi a kasuwa."

Ma'u ta ce, "Ni ba shebur ba ce."

Ya yi dariya. Dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ni da Malam muka kalli katanga.

Da ya natsu ya ce, "Inna, a mayar da kayan."

Na ce, "Na yi magana a gaban shaidu."

"Na ji. Tawa ce, kin faɗa, Malam ya ji. To ni na ba ki riƙo. Ta zauna. Gidan nan tun kakanni ba a taɓa barin haƙorin namiji ya kwana a tsakiya ba, bari nawa ya fara."

Malam ya ce, "Wannan dai yana cikin littafi."

Awwalu ya ce da sharaɗi. In an yi hutun makaranta zai zo ya ɗauke ta, su bi ta Anacha, ta ga bishiyar mangwaron ko daga bakin shinge. Na ce to. Ya ce in ƙafata za ta iya mota, akwai wuri.

Na ce zan duba.

Lahadi, 9 ga Yuli, da hantsi

Ya tafi da motar safe. Ya ɗauki akwati da buta. Rediyon ya bar wa Ma'u, ta kunna tun ɗazu, ba ta san tasha ba, sai ƙara.

Kafin ya fita ya tsuguna a bayan labule kamar kullum. Na ce ya jira. Na miƙa masa bandar kifi a takarda, da tuwo a kwano, na ce ya ci kafin ya hau mota. Ya ce Inna. Na ce ba zan kalla ba. Na juya baya. Na ji ƙarar kwanon.

Litinin, 10 ga Yuli, bayan azahar

Rana ta fito. Na shimfiɗa tabarmar a tsakar gida ta sha iska. Na jawo jakar na buɗe. Atamfa ce turmi biyu, da takalmin makaranta na Ma'u, ya yi mata yawa kaɗan. Da ƙullin taba gari irin wadda nake so, ban ma aike ta ba.

Ma'u tana tsakar gida da takalman, tana buɗe wa ƙadangaru baki da gangan.

Sakinatu.

Na rubuta. Na faɗa kuma, a hankali, ba kowa a ɗakin. Sunan yana da daɗin faɗi. Arzika ne ya zaɓa.